Jinin da Na Kai wa Yaya Zali

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Tunis yana riƙe da kwali mai sunan Yaya Zali, an ma ɓata rubutun. Ya dube ta a kan keken marasa lafiya, ya dube ni, ya tambaya da Faransanci: "Wace ce motar, wace ce kayan gyaran?" Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Yaya ta ja hijabina.

"Balki, mi yac ce?"

"Ya ce sannu da zuwa."

Ni ce kayan gyaran. Yaya Zali ta girme ni da shekara tara, kansar jini ce ta kama ta. Daga Dogarawa aka kai ta Konni, daga Konni Yamai, a can aka ce sai waje. Mijinta jandarma ne, ta wajen aikinsa aka samu takardar fitar da ita, amma shi ba a ba shi izinin binta ba. Takardar asibitin ta ce mai rakiya ya zama ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, saboda bayan magani za a bukaci ɓargon wani a dasa mata, kuma na ɗan'uwa na jini ya fi saurin dacewa. Ni na karanta wa mutanen gida takardar, don ni kaɗai na kai lise, babbar sakandare. Muna da wa, Isuhu, yana kabu-kabu a Konni, bai taɓa zama a aji ba. Na ce ai ni zan tafi, ga Faransanci, ga ni mace, zan yi mata wanka, zan ba ta ɓargon. Ban jira kowa ya yi magana ba. Kuma babu wanda ya yi.

Mutumin kwalin ya ce ɗakin da aka kama mini yana gab da asibiti, da ƙafa ma zan je. Ya sauke Yaya a asibiti, ni kuma ya yi ta tafiya da ni har gidaje suka fara tsufa. Ɗaki ne a bayan garejin gyaran mota, katifu huɗu a ƙasa, mata uku masu jinya irina daga ƙasashe daban-daban, babu wadda muke jin harshen juna sai Faransanci. Bas biyu nake shiga kafin in kai wurin Yaya. Da na yi masa magana washegari, ya ce in ban so akwai titi, yana da faɗi.

A cikin bas na koyi sunan da ake kiran baƙar fata da shi a garin. Ban san ma'anarsa ba sai da na ji shi sau da yawa, daga bakin yara, daga bakin manya. Wata mata ta tashi daga kujera da na zauna kusa da ita, ta gwammace tsayuwa. Na yi mata sallama, ta dubi hijabina kamar na sato shi. A gida, in baƙo ya sauka a tasha, kafin ya ajiye kaya wani ya miƙo masa ruwa. A nan na yi kwana huɗu ban ji wanda ya tambaye ni gajiya ba. Abinci duk mai ne da tumatir da burodi mai tauri. Na riƙa mafarkin fura, da ido biyu, ina tsaye a bas.

An sa Yaya a wani ɗaki mai gilashi. Sai na wanke hannu, na rufe baki da kai, na sa riga ta takarda kafin in shiga. Maganin ya zubar mata da gashi cikin ƴan makonni. Bakinta ya yi gyambo, ko ruwa sai da dabara. Amma tana da bakin tsokana ko a haka.

"Dube ki awa buhun siminti na Malbaza," in ji ta, ranar da ta fara ganina cikin rigar takarda.

"Ke kuma awa ƙwarya sabuwar fafewa."

"Rashin kunya. Bari in tashi."

Mai sashen duka wani Farfesa ne. Ba zan rubuta sunansa ba. Kafin ka kai buronsa, wato ofishinsa, sai ka bi wani dogon lungu, bango ko'ina takardun yabo ne cikin gilashi, da hotunansa yana gaisawa da manya a ƙasashen Turai. In ya fito zagaye, ɗalibai kusan goma na biye da shi, kowa da littafi, in ya yi tari ma kamar za su rubuta. Mataimakiyarsa, Dakta Amal, wata siririyar mata mai gajiya a ido, ita ta ba ni labarinsa. Ta ce duk inda ake jinyar wannan cuta a duniya, da wuya ka samu likitan da bai karanta abin da ya rubuta ba. Ta ce rayuwarsa duka ya ba wa tambaya ɗaya: me ya sa cutar ke bin wasu gidaje, ta ɗauki wa, ta dawo ta ɗauki ƙane. Yana tsinke jini har ya kai ga ƙwayoyin gado, waɗanda mutum ke karɓa daga uwa da uba, yana karanta su kamar allo. Ta ce akwai mutane da yawa da ke tafiya da ƙafafunsu yau saboda aikinsa. Na yarda da ita. Har yanzu na yarda.

Ranar da ya fara yi mini magana, tambayoyi ya yi ta jerowa bai ɗago kai ba. Su wa suka mutu a gidanmu, da wane ciwo, suna da shekara nawa. Na ce akwai wata yarinya da Inna ta haifa tsakanin Isuhu da ni, na ji ana cewa haɓo ya yi ta zubo mata har ta rasu, jikinta duk tabo. Sai ya ajiye biro. Ya dube ni, ya yi murmushi. Murmushi na gaske, har ido. Ya juya ya faɗa wa ɗalibansa cewa ga abin da suka daɗe suna nema, gida ɗaya mutum biyu, kuma daga yankin da ba su da jinin kowa a labo, ɗakin gwajinsu. Yaya ta ga murmushin ta gilashi, da na shiga ta ce, "Alhamdu lillahi, na ga babban likita ya yi hwara'a. Labari mai kyau ne ko?" Na ce mai kyau ne.

An ɗebi jinina kwalba shida. Biyu don a ga ko ɓargona zai dace, huɗu don binciken Farfesa. Na sa hannu a takardu ban gama karantawa ba. Dakta Amal ta ce maganin ya kwantar da cutar, amma kwanciya ce ta ɗan lokaci, dashen ya kamata a yi shi kafin ta farka. Sakamako sai bayan mako biyu.

Mako biyun nan su ne mafi daɗi a tafiyar. Na riƙa cin burodin nan da ƙarfi don in yi jini. Wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a ɗakin gaba ta lura da ni, kullum sai ta kawo mini dafaffen ƙwai da dabino a cikin tsumma. Ba ta jin Faransanci, ba na jin Larabcinsu. Takan nuna hannuna, ta nuna Yaya, ta ɗaga yatsa sama. Na riƙa taɓa ƙashin ƙuguna, inda aka ce za a huda, ina jin tsoro ina jin daɗi.

Ranar Talata aka kira ni buro. Ɗaliban suna tsaye a jikin bango. Ba a ce in zauna ba. Farfesa ya juyo mini da allon kwamfuta, layuka masu launi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

"Madamazel, nawa aka ba ki, ko ke kika biya?"

Ban gane ba. Na ce ban gane ba.

"Wannan matar ba yayarki ba ce. Ba uwarku ɗaya ba, ba ubanku ɗaya ba. Dangi ne ku, ƴaƴan wa da ƙanwa wataƙila, iyakarta ke nan. Jini ba ya ƙarya, mutane ke yi." Ya juya wajen ɗaliban. "Ku lura da kyau. Za ku riƙa ganin irin wannan. Biza suke so, sai su liƙe wa marar lafiya. Shi ya sa ba a dogara da abin da iyali suka faɗa."

Na ciro takardar haihuwata daga jaka, na ce ga sunan Baba, ga sunan Inna. Bai karɓa ba. Ya ce ya san yadda ake yin takardu a wajenmu. Ya ce na cinye wa marar lafiya mako biyu da ba ta da su, na kuma ɓata masa aikin da ya riga ya fara shiryawa a kan gidanmu. Wanne ya fi ba shi haushi, ban sani ba. Ya tambaya ko akwai ɗan'uwa na gaske. Haka ya ce, na gaske. Na ce akwai Isuhu. Ya ce to me nake yi a tsaye.

Na fito lungun takardun yabo. Dakta Amal ta biyo ni, ta zaunar da ni, ta ce ko ba wannan maganar, ɓargona bai dace ba, ko rabi. Ta ce a kawo Isuhu da gaggawa. Na ce injinsu ne ya yi kuskure. Ta dafa kafaɗata, ta koma buro.

Na wanke hannu, na sa rigar takarda, na shiga. Na yi niyyar in ba Yaya labarin a matsayin abin dariya, Larabawa sun ce wai ni ba ƙanwarki ba ce. Na fara, ban kai ƙarshe ba. Ta juya fuska wajen bango.

"Yaya?"

"Ni na goyo ki daga Bazaga," ta ce. "Bisa amalanken jaki. Kina kuka, kin jiƙe min zane."

A Bazaga ƙanwar Baba take aure, Gwaggo Hassi. Tun ina ƙarama na ɗauka ba ta ƙaunata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri, in ta raba wa yara ƙuli-ƙuli sai ta ba wani ya miƙo mini. Ashe kunyar ɗan fari ce. Ni ce ta fari a wurinta. Lokacin yaye ni ya zo daidai da rasuwar yarinyar nan mai haɓo, Inna ta daina ci ta daina magana, sai aka ɗauko ni aka ajiye mata a cinya. Da za a sa ni lakwal, makarantar boko, Baba ya je aka yi mini takarda da sunansa. Daga nan babu wanda ya sake tayar da zancen. A wajenmu wanda ya riƙe ɗiya ba ya cewa ba tasa ba ce, wadda ta haifa ta bayar kuma ba ta cewa tata ce. Duk Dogarawa sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.

"Kin ji abin da takarda ta ce," na ce mata. "Na karanta muku da Hausa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Har sau biyu na faɗi."

"Na jiya."

"To don mi ba ki yi magana ba?"

"In ce mi, Balki? Kina tsaye tsakar gida kina cewa ni za ni ba ta ɓargona. Gaban Inna. In ce ke zamna, ke ba tamu ba ce?" Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Kuma nono guda munka sha daga baya, Inna ta mayar da ke ga nono. Na ce ai jini ya gauraya. Wallahi haka na ɗauka."

"Ranki ne fa, Yaya!"

"Kar ki yi min ihu, kaina na ciwo. Zo ki gyara min matashi."

Na gyara mata matashi.

Na kira gida a bakin ƙofar asibiti. Baba ya ɗauka. Na ce, "Baba, likitoci sun ce a kawo Isuhu." Ban ƙara ba. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sai ya ce, "To, ɗiyata." Bai tambayi dalili ba.

Isuhu ba shi da takardar haihuwa. Bai taɓa bukatarta ba, iyakar Konni da Illela ta Najeriya kullum yana ƙetare ta da babur, kowa ya san fuskarsa. Sai da ya nemo shaidu biyu a Dogarawa, ya je Malbaza, aka ce ya dawo, ya dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Daga nan katin ɗan ƙasa, daga nan Yamai don fasfo, bayan fasfo biza. Kullum da safe yana kirana.

"Ƙanwata, ki ce ma Zali ta riƙe. Na sai da babur ɗin ma, ina Yamai, nan nika kwana bakin buro."

Na tambayi Dakta Amal ko za a iya ɗibar jininsa a can a aiko. Ta ce ana iyawa, ta rubuta takarda, amma sai Farfesa ya sa hannu, shi kuma ya tafi wani babban taro a Turai inda za a karrama shi. Ya yi kwana tara. A kwana na shida zazzaɓi ya rufe Yaya. Cutar ta farka.

Ba zan rubuta kwanakin nan ba. Abu ɗaya kawai. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, hankalinta ya dawo kaɗan, ta ce in cire abin rufe bakin ta ga fuskata. An hana. Na duba babu kowa a lungu, na cire. Ta dube ni ta ce, "Hancin Gwaggo Hassi sak. Yadda ba ki gane ba, ke da kika yi lakwal." Ta so ta yi dariya, jini ya fito a dasashinta.

A can aka binne ta. Tsohuwar nan mai ƙwai da dabino ita ta nemo matan da suka yi mata wanka, ta riƙe ni da hannu biyu lokacin da aka fito da ita. Maza huɗu da ban sani ba suka yi mata salla. Fasfon Isuhu ya fito bayan kwana uku.

Ranar da na je karɓar takardun komawa, aka ce Farfesa yana son ganina. Wannan karon ya ce in zauna. Ya yi mini ta'aziyya da kalmomi masu kyau. Ya ce Dakta Amal ta yi masa bayanin al'adarmu, abin sha'awa ne, zai riƙa gargaɗin ɗalibansa a kai. Bai ce ya yi kuskure da ya kira ni maƙaryaciya ba. Ya ce jinin marigayiya yana nan a firigo, ya ga wani abu a cikinsa da bai taɓa gani ba, abin da zai iya taimakon gidaje masu yawa nan gaba. Saura abu ɗaya ya cika aikin. Ya buɗe durowa ya ciro wata ƴar kwalba a cikin leda, da ambulan mai adireshi.

"Ɗan'uwan nata ya tofa yawu a nan, ki aiko. Na gaske fa, wannan karon."

Na karɓa. Ban san me ya sa ba. Ina jin tsoronsa ne, har yau.

Na sauka Yamai, na shiga mota zuwa Konni, Isuhu ya tarbe ni a tasha da aron babur. Gida cike da masu gaisuwa. Inna ta rungume ni ta ce, "Ɗiyata ta dawo ita ɗai." Gwaggo Hassi tana zaune a bakin rumbu, ta zo daga Bazaga tun ranar rasuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙasa, ta ce wa wata mata, "A ba yarinyar ga ruwa, ta sha hanya." Har aka share makoki babu wanda ya tambaye ni me ya faru a can. An ce kwana ne ya ƙare. Ni ma haka nake cewa.

Isuhu ne ya ga kwalbar a cikin kayana. Na gaya masa ko ta mece ce, na ce zan jefa ta a masai. Ya karɓe.

"In na tohwa, za su iya sanin ko nawa ya dace da nata?"

"Ba don wannan suke so ba."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Za su iya?"

Na ce za su iya. Ya tofa har ya kai layin da ke jikin kwalbar, ya rufe da kansa, ya kai ni Konni muka aika. Ni kuma, da hannuna, na rubuta wa Dakta Amal na roƙe ta ta duba mana wannan ɗin. Na ɗauka za ta ce bai dace ba. Ita ta gaya mini tun a can cewa ba kowane ɗan'uwa ke dacewa ba, sau da yawa ma ba ya dacewa. Na so in kawo wa gidan nan wannan labarin, in ajiye shi a tsakar gida, kowa ya yi barci.

Amsar ta zo a waya bayan an gama girbin hatsi, ina tsaye a bakin rijiya. Gajeren saƙo ne. Ta ce Farfesa yana godiya ƙwarai, yawun ya cika masa abin da yake nema. A ƙasa ta ƙara layi biyu nata. Ta ce ta duba abin da na roƙa. Ɓargon Isuhu ya dace da na Yaya Zali gaba ɗaya, irin dacewar da likita ke addu'ar samu. Ta ce ta yi dogon tunani kafin ta aiko, ta ce in yi haƙuri.

Na zauna a bakin rijiyar har matan da ke jira suka fara yi mini magana.

Isuhu yana zuwa gida duk Juma'a. Ya sayi wani tsohon babur, ya koma aiki. Yakan gaida Baba da Inna, ya ci tuwo, sai ya same ni a bayan ɗaki inda babu kowa, ya rage murya.

"Ƙanwata, Larabawan nan sun amsa?"

"Ba su amsa ba tukuna."

"Sun cika jinkiri."

"Aikinsu yawa gare shi."

"To, in sun amsa ki hwaɗa min gaskiya. Ke ɗai ce ba ki ɓoye ma mutum magana a gidan ga."

Na goge saƙon tun ranar. Gobe Juma'a.